Wa'azin "A Daina Sayayya": Me Masu Wasan Kwaikwayo Ke Nema a Cikin Manyan Kantunan Amurka?

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, idan ranar babban rangwame da Amurkawa ke kira Black Friday ta zagayo, hotuna iri biyu ne kan cika kafafen sada zumunta. Na farko an saba da shi: jama'a sun yi cincirindo a ƙofar kanti tun kafin asuba, da zarar an buɗe sai a afka ciki ana wawason talabijin da kayan wasan yara. Na biyu shi ne mai ɗaure kai. Wani mutum ne sanye da farar kwat da farar kwala irin ta limaman coci, gashinsa a rine, mawaƙa a bayansa suna tafi suna amshi, ya tsaya a tsakiyar kanti yana wa'azi da ƙarfi cewa mutane su tuba su daina sayayya, har sai 'yan sanda sun zo sun fita da shi. Wasu masu kallo kan ɗauka fasto ne na gaske, wasu kuma su ce wata sabuwar talla ce. Mutumin dai ɗan wasan kwaikwayo ne mai suna Bill Talen, wanda aka fi sani da Rabaran Billy, kuma ƙungiyarsa da ya raɗa wa suna Cocin Daina Sayayya ita ce mafi shahara cikin masu amfani da wasan kwaikwayo a kan titi da cikin shaguna domin yaƙar ɗabi'ar saye-saye da mamayar kantuna masu rassa.

Abin da ake faɗa a kansa

Abu biyu ne waɗannan masu fafutuka ke suka, kuma ko da yake suna tafiya tare, kowanne da tarihinsa.

Na farko shi ne ɗabi'ar saye-saye. Ba sayen abinci da sutura don biyan buƙata ake nufi ba. Ana nufin tsarin rayuwa inda tattalin arzikin ƙasa ya dogara kan mutane su riƙa saye ba kakkautawa, talla tana ƙirƙiro musu sha'awar abin da ba su taɓa nema ba, katin bashi yana ba su damar saye da kuɗin da ba su da shi, darajar mutum kuma ana auna ta da abin da ya mallaka. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na duk hada-hadar tattalin arziki daga kashe kuɗin magidanta yake fitowa, kuma a 2023 bashin da ke kan katunan Amurkawa ya haura dala tiriliyan ɗaya. Shi ya sa makonni biyu bayan harin 11 ga Satumba 2001, Shugaba George W. Bush ya tsaya a filin jirgin saman Chicago yana kira ga jama'a su koma hawa jirgi, su kwashi iyalansu su je wurin shaƙatawa na Disney a Florida. A irin wannan ƙasa, kashe kuɗi ya zama tamkar hidima ga ƙasa.

Na biyu shi ne kantuna masu rassa, wato kamfani ɗaya mai ɗaruruwa ko dubban shaguna iri ɗaya, da kaya iri ɗaya da tsari iri ɗaya, waɗanda ake juya su daga hedikwata guda. Walmart, wanda Sam Walton ya fara a jihar Arkansas a 1962, yanzu yana da ma'aikata sama da miliyan biyu a duniya. Starbucks, mai sayar da kofi, ya fara da shago ɗaya a Seattle a 1971, yau rassansa sun haura dubu talatin da biyar. Adawa da irin waɗannan kantuna ta girmi Rabaran Billy nesa ba kusa ba. Wajen 1930 kamfanin A&P mai sayar da kayan masarufi yana da shaguna kusan dubu goma sha shida, ƙananan 'yan tireda suka tayar da ƙayar baya, jihohi fiye da ashirin suka ɗora wa kantuna masu rassa haraji na musamman, majalisar tarayya kuma ta zartar da dokar Robinson-Patman a 1936 domin hana masu masana'antu sayar wa manyan kantuna kaya a farashin da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai samu ba. Abin da ya sauya daga baya shi ne salon faɗan: daga zauren majalisa ya koma tsakiyar kanti.

Yadda aka haifi Rabaran Billy

An haifi Bill Talen a jihar Minnesota a 1950, a gidan Kiristoci 'yan asalin Holan masu tsananin riƙo da addini. Ya yi shekaru yana harkar wasan daɓe a San Francisco kafin ya koma New York a 1994, shekarar da Rudy Giuliani ya hau kujerar magajin gari. A lokacin ne ake sake fasalin dandalin Times Square, wanda ya yi ƙaurin suna da gidajen baɗala da 'yan ƙwaya, amma kuma yake cike da ƙananan shaguna, masu talla a gefen titi da masu wa'azin kan hanya. Hukuma ta share yankin, manyan kamfanoni suka shigo, kamfanin Disney ya gyara tsohon gidan wasa na New Amsterdam ya kuma buɗe babban shagon kayan wasan yara a kusa da shi.

Talen ya lura cewa cikin duk waɗanda aka kora, masu wa'azin titi ne suka fi wuyar korewa, domin dokar ƙasa ta kare su. Da taimakon wani limamin coci mai sha'awar wasan kwaikwayo, Sidney Lanier, ya nazarci salon masu wa'azin talabijin na Amurka, irin su Jim Bakker da Jimmy Swaggart, waɗanda abin kunyarsu na ƙarshen shekarun 1980 bai bar zukatan mutane ba. Ya ari muryarsu, da kukansu, da ɗaga hannunsu, ya tsaya a ƙofar shagon Disney a ƙarshen shekarun 1990 riƙe da ɗan tsanan Mickey Mouse, ɓeran nan na finafinan Disney, a ɗaure a kan gicciye, yana shelar cewa wannan ɓeran shi ne maƙiyin Almasihu. Wasan yana da tushe a wani zargi na gaske: a 1996 masu kare haƙƙin ma'aikata sun bayyana cewa matan da ke ɗinka tufafi masu tambarin Disney a ƙasar Haiti 'yan kwabbai kaɗan ake biyansu a awa. Daga baya mawaƙa suka taru a bayansa, matarsa Savitri D ta zama mai tsara wasannin, abin da ya fara da mutum ɗaya ya zama ƙungiya mai mawaƙa da dama.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shi ya ƙago dabarar ba. A watan Agustan 1967 Abbie Hoffman da abokansa sun watsa takardun dala daga saman bene a kasuwar hannun jari ta New York domin a ga yadda dillalai za su yi rububinsu. Augusto Boal, ɗan Brazil, ya koyar da abin da ya kira wasan da ba a gani, inda 'yan wasa ke tayar da gardama a gidan abinci ko jirgin ƙasa ba tare da jama'a sun san shiri ne ba. A Kanada, wani mai zane, Ted Dave, ya fara Ranar Ƙin Sayen Komai a Vancouver a 1992, mujallar Adbusters mai adawa da talla ta yayata ta, a 1997 aka mayar da ita ranar Black Friday. A 2001 kuma, a garin Troy na jihar New York, aka fara wani salo mai suna Whirl-Mart: mutane su shiga Walmart su jera, kowa yana tura keken zuba kaya babu komai a ciki, suna zagaya kantin shiru na tsawon lokaci, ba su sayi ko allura ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hikima, domin a tashen watan azumi ma akan yi shigar malami ko tsoho ko gwauro a faɗa wa jama'a abin da ba a iya faɗa musu kai tsaye. Bambancin shi ne mai tashe gari ya yarda da shi, maigida ma sadaka yake ba shi, alhali a nan mai kanti 'yan sanda yake kira.

Me ya sa sai a cikin kanti?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma amsarta tana cikin doka. Gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati tauye 'yancin magana da na taro. Kariyar tana aiki a kan titi, da dandali, da wuraren shaƙatawa na hukuma. Amma tun daga shekarun 1950 rayuwar yau da kullum ta Amurkawa ta yi ƙaura daga tsakiyar gari zuwa rukunin kantuna na 'yan kasuwa. Nan ake haɗuwa, nan ake cin abinci, nan matasa ke hira, kuma duk wurin mallakar wani kamfani ne.

Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kan wannan. A shari'ar Lloyd da Tanner ta 1972, wadda ta taso bayan an hana masu adawa da yaƙin Vietnam raba takardu a wani rukunin kantuna a Portland, kotun ta ce mai wuri yana da ikon hana su. A 1976 ta ƙara jaddada hakan. A 1980, a shari'ar Pruneyard, ta yarda cewa jiha na iya ba 'yan ƙasa ƙarin 'yanci a irin waɗannan wurare idan tsarin mulkinta ya tanadi haka, kuma Kalifoniya ta yi, sai dai jihohi kaɗan ne suka bi sahunta, kuma ko a can daga baya kotuna sun taƙaita 'yancin ga farfajiyar da jama'a ke zama, ban da cikin shago.

Ma'anar wannan ita ce, a wurin da mutane suka fi taruwa, kamfani yana iya yi musu magana ta allon talla da lasifika daga safe har dare, amma ɗan ƙasa ba shi da ikon ɗaga murya ya musanta. Wasan kwaikwayo hanya ce ta kutsawa ta wannan ƙofa. Wanda ya shigo da kwalin zanga-zanga tun daga bakin ƙofa za a tare shi, amma mutum ashirin da suka shigo ɗaya bayan ɗaya kamar masu saye, kowa ya kara waya a kunne yana gardama da wani da babu shi kan inda aka ƙera ɗan tsanan da ke hannunsa, ba a gane su sai muryoyinsu sun haɗu. Ƙungiyar Talen ta yi wannan a shagon Disney. Shi kuma mai tura keken da babu kaya, wace doka ya karya?

Kamfanoni sun ɗauki abin da muhimmanci. Starbucks ya taɓa rarraba wa rassansa na New York takardar umarni kan abin da ma'aikaci zai yi idan Rabaran Billy ya shigo: kada a tanka masa, a roƙe shi ya fita, idan ya ƙi a kira 'yan sanda. A 2004, a wani reshe da ke yankin Los Angeles, ya ɗora hannu kan na'urar karɓar kuɗi yana addu'ar fitar da aljanu daga cikinta. An gurfanar da shi, ya yi kwana uku a gidan yari, kotu kuma ta hana shi matsawa kusa da kowane reshen Starbucks a Kalifoniya da tazarar yadi 250. A ranar Kirsimeti ta 2005 an kama shi a Disneyland. A 2007 kuma an kama shi a dandalin Union Square na New York, wanda fili ne na jama'a, saboda ya yi ta karanta wa 'yan sanda gyara na farko na tsarin mulki ta lasifika.

Hujjar kowane ɓangare

Masu fafutukar suna cewa arhar manyan kantuna wani ne ke biyan kuɗinta a ɓoye: mai ɗinki a Bangladesh, inda ginin Rana Plaza ya rufta a watan Afrilun 2013 ya kashe mutum fiye da 1,100 masu ɗinka wa manyan kamfanonin Turai da Amurka tufafi, da ma'aikacin kanti mai ƙaramin albashi, da ɗan tiredan unguwa da ya rufe shagonsa. Suna ƙara da cewa ribar shagon unguwa a unguwa take zagayawa, ta reshen babban kamfani kuwa hedikwata take tafiya. Sukan kuma tuna wa mutane abin da ya faru a Black Friday ta 2008 a Valley Stream, kusa da New York, inda masu rububin rangwame suka ɓalle ƙofar Walmart suka tattake wani ma'aikaci har lahira.

Masu kare kantunan suna da hujja mai nauyi su ma. Masanin tattalin arziki Jason Furman, wanda daga baya ya zama babban mai ba Shugaba Obama shawara, ya rubuta a 2005 cewa sauƙin farashin Walmart talakawa ya fi amfana, domin su ne ke kashe mafi yawan abin da suke samu a kan abinci da kayan masarufi. A wajensu, mai iya sayen kofi mai tsada a shagon unguwa ba shi da bakin da zai hana mai 'ya'ya huɗu zuwa inda madara ta fi arha. Bincike kan ayyukan yi bai raba gardamar gaba ɗaya ba. Masaniyar tattalin arziki Emek Basker ta gano cewa buɗe reshen Walmart yakan kawo ayyuka kusan ɗari a shekarar farko, rabinsu kuma su ɓace cikin shekara biyar yayin da wasu shaguna ke rufewa. David Neumark da abokan aikinsa sun sami sakamako mafi tsauri, cewa kowane ma'aikacin Walmart ɗaya yana maye gurbin kimanin 1.4 na ma'aikatan sauran shaguna. Duka binciken biyu sun nuna cewa adadin ayyukan da ake sanarwa ranar buɗe kanti ba shi ne adadin da gari ke ƙaruwa da shi ba.

Akwai suka ta uku, wadda ta fito daga masu ra'ayin kawo sauyi su kansu. Malaman Kanada biyu, Joseph Heath da Andrew Potter, sun yi jayayya a 2004 cewa tawaye irin wannan kasuwa ba ta jin tsoronsa, sayar da shi ma take yi, suka kawo misalin mujallar Adbusters da ta fara sayar da takalmi mai tambarinta. A ganinsu abin da ke sauya halin kamfani shi ne doka da haraji da ƙungiyar ƙwadago. Wasu kuma suna nuni da cewa wanda ke shan wahalar wasan shi ne yaron kanti mai karɓar kuɗi, ba shugaban kamfani ba. Wasu Kiristoci ma suna ganin shigar limami da addu'ar wasa izgili ne ga addini, ko da yake akwai limaman coci da suka mara masa baya, suna cewa abin da yake faɗa kan mayar da Kirsimeti kasuwa shi ne abin da ya kamata a ji daga mumbari.

Inda aka ga sakamako

Idan ma'aunin shi ne rage sayayya, wasan bai yi nasara ba. Cinikin ƙarshen shekara a Amurka ya ci gaba da hauhawa, Black Friday ta bazu zuwa Turai da Afirka, shi kuma Talen da ya tsaya takarar magajin garin New York a jam'iyyar masu kare muhalli a 2009 bai samu ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'u ba.

Amma a inda aka ɗaura wasan a kan buƙata guda takamaimai, kuma akwai wasu masu matsa lamba ta wata fuska, an ga motsi. A 2005 gwamnatin Habasha ta nemi mallakar sunayen kofinta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, a matsayin tambarin kasuwanci a Amurka, a 2006 kuma ƙungiyar agaji ta Oxfam ta zargi Starbucks da kawo cikas, tana cewa manoman Habasha na asarar kusan dala miliyan 90 a shekara. Mawaƙan Rabaran Billy sun shiga wannan yaƙi a rassan New York, kuma a watan Yunin 2007 kamfanin ya sa hannu kan yarjejeniya da Habasha. A Birtaniya, ƙungiyar UK Uncut mai yaƙi da kamfanonin da ke kauce wa haraji, wadda ta fara da zaman dirshan a shagon Vodafone a Landan a 2010, ta sanar da cewa za ta mayar da rassan Starbucks wuraren renon yara na wasa a watan Disambar 2012, bayan rahoton Reuters ya nuna fam miliyan 8.6 kacal kamfanin ya biya na harajin riba cikin shekara goma sha huɗu. Kwanaki kaɗan kafin ranar, kamfanin ya yi alƙawarin biyan kusan fam miliyan 20 cikin shekara biyu. A duka biyun ba za a ce wasan ne kaɗai ya kawo sauyin ba, domin a ɗaya akwai gwamnati da Oxfam, a ɗayan akwai 'yan jarida da kwamitin majalisa. Aikin wasan shi ne ya mayar da maganar haraji da tambarin kasuwanci, wadda ba ta jan hankalin kowa, ta zama hoton da gidan talabijin zai nuna.

Haka nan a fagen dokokin gari. San Francisco ta kafa doka a 2004, aka faɗaɗa ta daga baya, wadda ta tilasta wa kamfani mai rassa goma sha ɗaya ko fiye neman izini na musamman kafin ya buɗe shago a unguwannin kasuwanci. Birnin New York kuwa har yau babu reshen Walmart a cikinsa, saboda adawar ƙungiyoyin ƙwadago da kansiloli da ƙananan 'yan kasuwa.

Abin da ya shafi mai ƙaramin ƙarfi

Ga magidanci a Amurka, ribar babban kanti a take yake ganinta a farashi, asarar kuwa a hankali take zuwa, ta albashi da rufewar shagunan kusa, shi ya sa kira ga mutane su daina saye bai cika ratsa wanda dama ba ya da abin saye ba. A arewacin Nijeriya lamarin ya ma sha bamban. Shoprite ya buɗe a rukunin kantuna na Ado Bayero a Kano a 2014, ya rufe a farkon 2024, Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari kuwa suna nan daram. Alaƙar da ta fi ƙarfi ita ce ta gwanjo: tufafin da ake saye a yar bayan sawa kaɗan a Turai da Amurka su ne ke zuwa cikin dila zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma, suna sauƙaƙa wa talaka sutura, suna kuma gasa da tela da masaƙa, abin da bai sayu ba kuma ya zama bola, kamar yadda ake gani a kasuwar Kantamanto ta Accra.

Shi kansa Talen ya karkata akalarsa daga kantuna zuwa bankuna da kamfanonin da yake zargi da lalata muhalli. A 2013 mawaƙansa sun shiga wani reshen bankin JPMorgan Chase a Manhattan sanye da fuskokin wani kwaɗo mai ruwan zinariya na ƙasar Costa Rica, wanda ba a sake ganinsa ba tun 1989, suna zargin bankin da zuba kuɗi a harkar kwal da man fetur. An tuhume shi da shugaban mawaƙansa da tayar da tarzoma, laifin da kan kai shekara ɗaya a kurkuku, daga baya aka janye manyan tuhume-tuhumen.

Babban ƙalubalen wannan salo a yanzu shi ne ƙaurar ciniki zuwa intanet. Disney ya rufe yawancin shagunansa na Amurka a 2021, kuma mai sayayya a waya yana kwance a ɗakinsa, babu dandalin da za a tarar da shi. Masu fafutuka sun koma ƙofar rumbunan ajiya. Tun 2020 ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasashe da dama ke haɗa yajin aiki da zanga-zanga a kan Amazon a ranar Black Friday, a 2021 kuma 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Extinction Rebellion suka toshe hanyoyin shiga rumbunan kamfanin fiye da goma a Birtaniya da hasumiyoyin gora. A can 'yan kallon direbobin manyan motoci ne da masu ɗaure kaya, kuma abin da ake nema ya koma ƙarin albashi, da 'yancin kafa ƙungiya, da biyan haraji.